Halittun da suka riga kowa zama a duniya

A shekarar 1953, Stanley Tyler, masanin duwatsu daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka, yana bin gaɓar tafkin Superior ta ɓangaren Kanada, sai ya ci karo da wani baƙin dutse mai tauri irin na ƙyastu. Aka yanko shi siriri har haske na ratsa shi, aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ga zaruruwa da 'yan ƙwallaye birjik, gawarwakin ƙwayoyin halitta da suka daskare a cikin dutsen tun kimanin shekara biliyan 1.9. Shi da Elso Barghoorn na Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon a 1954.

Kusan ƙarni guda ke nan masana na neman wannan shaida. Tun a 1859 Charles Darwin ya amsa cewa akwai abin da ya ɗaure masa kai. Duwatsun zamanin Kambiriyan, waɗanda yanzu aka san sun kai shekara miliyan 540, cike suke da burbushin dabbobin ruwa, amma na ƙarƙashinsu wayam. Ɗokin cike wannan giɓi ya taɓa kai masana ya baro su. A 1865 John William Dawson na Kanada ya yi shelar cewa wani zane da ke jikin wani dutse burbushin halitta mafi tsufa ne, aka yi ta muhawara shekara da shekaru, har a 1894 aka ga irin wannan zane a duwatsun da tsaunin Vesuvius ya amayar a Italiya. Ashe aikin zafi ne kawai.

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya a biliyan 4.54. Daga zangon farko, wanda ake kira Hadiyan, kusan babu dutsen da ya tsira. Abin da ya rage 'yan ƙwayoyin ma'adinin zirkon ne daga tsaunukan Jack Hills na Ostireliya, masu shekara biliyan 4.4, kuma suna nuna alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa. Daga nan sai zamanin Arkiyan, daga shekara biliyan 4 zuwa 2.5 da suka wuce. Rana ba ta kai hasken yau ba, wata ya fi kusa, yini ya fi gajarta. Babu ciyawa, babu ko gansakuka a kan tudu, iska kuwa babu oksijin a cikinta. Da mutum zai sauka a wannan duniya, da 'yan mintoci sun ishe shi.

Duk da haka akwai rai a cikin ruwa. Ƙwayoyin bakteriya kan yi shimfiɗa mai yauƙi a bakin teku, laka ta manne a kansu, su haura sama neman haske, wata lakar ta sake rufe su. Haka tudu ke tasowa, kamar magini na ɗora yaɓe bisa yaɓe. Ana kiran waɗannan tuddai sitiromatolait, kuma na yankin Pilbara a Ostireliya sun kai shekara biliyan 3.48. Abin mamaki, a 1956 aka tarar da irinsu da rai suna ci gaba da gini a Shark Bay, inda gishirin ruwa ya hana dabbobi cinye su.

Ba kowane iƙirari ne ya tsaya da ƙafarsa ba. A 1993 William Schopf ya ce ya ga burbushin bakteriya a dutsen Apex na Pilbara, a 2002 Martin Brasier na Jami'ar Oxford ya ce siffofin ma'adini ne. A ganina wannan gardama alheri ce, domin ita ta tilasta wa masu bincike tsaurara ma'auni.

Babban sauyi a duniya ya zo ne daga sayanobakteriya, masu sarrafa hasken rana da ruwa su fitar da oksijin. Oksijin ya riƙa haɗuwa da ƙarfen da ke narke a teku, tsatsa na kwantawa a ƙasa layi-layi. Daga irin waɗannan kwance-kwance ake haƙo mafi yawan taman duniya a yau. Wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce oksijin ya fara taruwa a sararin sama, ya zama guba ga halittu da dama, ya kuma share fagen zuwan duk wani mai numfashi. Zuriyar waɗannan masu fitar da oksijin na nan: dihe da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi, su shanya su sa a miya, sayanobakteriya ne.

Mu ma muna da kaso a wannan tarihi. A 2001 aka wallafa binciken da ya auna zirkon na wani dutse a Kaduna, aka samu shekara biliyan 3.5 da ɗoriya, wato yana cikin mafiya tsufa a Afirka ta Yamma. Zafi da matsi sun sauya shi, don haka ba a sa ran samun burbushi a cikinsa, amma sa'an tuddan Pilbara ne. Ya kamata malaman kimiyya a makarantunmu su riƙa kai ɗalibai su gan shi da idonsu.