Rajistar jinginar kadarori masu motsi a Jihar Kebbi

Rajistar jinginar kadarori masu motsi ita ce shigar da sanarwa a wani kundi na ƙasa, wadda ke nuna cewa banki ko wani mai ba da lamuni yana da haƙƙi a kan kayan wanda ya ci bashi har sai an biya. Kayan da ake nufi su ne waɗanda ake iya ɗauka ko kaɗawa: injin ban ruwa, injin casar shinkafa, tarakta, shanu, amfanin gona, hajar kanti, har da kuɗin da ɗan kasuwa yake bin wasu. A Najeriya Babban Bankin Ƙasa, CBN, ne ke riƙe da kundin, wanda ake kira National Collateral Registry da Turanci, kuma ta intanet ake shigar da komai. Babu wani kundi na daban na Jihar Kebbi; bankin da ke Birnin Kebbi ko Argungu yana amfani da wanda na Legas ke amfani da shi.

Tarihi

Jingina tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kabi. A fiƙihun Malikiyya, haƙƙin mai riƙe da jingina a kan sauran masu bin bashi yana tabbata ne idan kayan sun shiga hannunsa. Wannan ya dace da zinari ko takobi, amma manomin fadama ba zai bar injinsa a banki sannan ya yi noman rani ba. Su kuwa bankuna sun fi son fili ko gida mai takardar shaidar mallaka, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta amincewar gwamna kafin a jinginar da irin wannan fili. Gonakin gado da yawa a kwarin Rima ba su da wannan takarda.

Ghana ce ta riga Najeriya, domin ta buɗe nata kundin a 2010. Na Najeriya ya fara aiki a watan Mayun 2016, sannan a ranar 30 ga Mayu, 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokar da ta ba shi cikakken ƙarfi. Wannan ya zo daidai lokacin da bashin noma ya bunƙasa a jihar: a Birnin Kebbi ne shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a ranar 17 ga Nuwamba, 2015, kuma a 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi.

Abin da ake cikewa

Mai ba da bashi ne ke shigar da sanarwar, bayan ya sami amincewar mai kayan a rubuce. Ana sa suna da adireshin ɓangarorin biyu, lambar shaidar mai kayan, bayanin abin da aka jinginar, iyakar kuɗin da jinginar ta tsaya wa, da tsawon lokacin da rajistar za ta yi aiki. Sanarwar ba ita ce yarjejeniyar bashi ba, kuma ma'aikatan kundin ba sa zuwa su duba ko injin yana nan da gaske. Abin da aka rubuta shi kundin ke ajiyewa, daidai ne ko kuskure.

Idan mutum ya jinginar da kaya ɗaya ga masu ba da bashi biyu, a bisa ƙa'ida wanda ya riga yin rajista shi ke gaba wajen biya, ko da ɗayan ya riga shi ba da kuɗi. Shi ya sa ake bincika kundin kafin a saki ko kwabo.

Kurakurai

Ba duka kurakurai ne nauyinsu ɗaya ba. Mafi muni shi ne kuskure a lambar shaidar mai kayan, domin da ita ake bincike. Ga mutum ɗaya, lamba ce mai haɗe da zanen yatsa, irin lambar BVN ta banki. Ga kamfani kuwa, lambar da hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC, ta ba shi. Idan an kuskure ko da harafi ɗaya, mai bincike ba zai ga sanarwar ba, kuma doka na ɗaukar rajistar a matsayin marar amfani. Bankin bai rasa bashinsa ba, amma ya rasa matsayinsa a layi.

Dogaro da lamba maimakon suna ya dace da yankin. Mutum ɗaya na iya zama Abubakar a takardar banki, Garba a kasuwa, Muhammad a wata takarda kuma Mohammed a wata, ga shi mutane da yawa suna ɗaukar sunan garinsu, kamar Argungu, Jega, Bunza ko Kamba, a matsayin sunan ƙarshe. Kuskuren suna ko adireshi shi kaɗai ba ya rushe rajista, sai idan ya kai ga ɓatar da mai bincike ƙwarai.

Kaya masu lambar jiki, kamar mota ko tarakta, suna buƙatar a kwafi lambar daga jikin ƙarfen, ba daga rasidin da ya sha hannu ba. Amfanin gona ya fi wuya. Shanshera ba ta da lamba, ana zuba ta wannan manomi a kan ta wancan, a cashe, a sayar. Doka ta bar haƙƙin mai bin bashi ya bi kayan zuwa abin da suka koma ko kuɗin da aka samu, matuƙar ana iya gane su, amma wannan ya danganta da yadda aka bayyana kayan tun farko. Rajista kuma ba inshora ba ce: ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar ta tafi da amfanin da aka yi wa rajista da wanda ba a yi wa ba.

Akwai kuma kuskuren mantuwa. Idan wa'adin rajista ya ƙare ba a sabunta ba, ta faɗi. Idan an gama biyan bashi, wajibi ne mai ba da bashi ya soke sanarwar, in ba haka ba kayan za su ci gaba da bayyana a matsayin jingina, su hana mai su samun wani lamuni. Soke abin da bai kamata ba shi ma yana da tsada: a Amurka, a 2008, an shigar da takardar soke jinginar bashin dala biliyan 1.5 da kamfanin General Motors ya ci bisa kuskure, kuma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sokewar ta tabbata.

Iyakar dokar

Dokar 2017 ba ta shafi fili da gida ba, haka jiragen ruwa da na sama, domin suna da nasu wuraren rajista. Kamfani mai rajista da ya jinginar da kadarorinsa kuma yana da wani nauyin a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, na sanar da CAC cikin kwana 90.