Labarin Farashi a Kasuwar Bodija: Saurinsa da Sahihancinsa

Labarin farashi na nan take shi ne bayanin kuɗin da ake saye da sayar da kaya a daidai lokacin da cinikin ke faɗawa. A kasuwannin hannun jari na duniya kwamfuta ce ke ɗaukar kowane ciniki ta aika wa masu biyan kuɗin rajista cikin ƙasa da daƙiƙa guda, yayin da shafukan kyauta kan jinkirta shi da kimanin minti 15. A Kasuwar Bodija da ke Ibadan, inda ɗimbin hatsi da wake da albasar Arewa ke sauka, babu wani allo da ke nuna farashi. Duk da haka labari na gudu a cikinta, kuma a kansa fatake ke ɗora jarinsu kullum.

An buɗe kasuwar a shekarar 1987, bayan cunkoso ya sa gwamnatin Jihar Oyo ta taso masu kayan abinci daga Orita Merin. Tana cikin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, kamar unguwar Sabo da ke kusa da Mokola, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Kasuwar daban, unguwar daban, amma yawancin hanyoyin da labarin Arewa ke bi ya iso Bodija a Sabo aka fara shimfiɗa su.

Tun kafin wayar salula

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya kuma wallafa bincikensa a 1969. Abin da ya lura da shi shi ne cewa fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu na da matsaloli da sai an warware su kafin a ci riba, kuma na gaba-gaba a cikinsu shi ne samun labarin kasuwa da wuri. Saniyar da ta shigo kurmi ba ta jure zama, domin ƙudan tsando na sa mata sammore ta rame. Goro shi ma ba ya son jinkiri. Wanda ya kawo garke ya tarar kasuwa ta cika, dole ya sallama da hasara.

Maganin da Hausawan Sabo suka samo shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙon falke, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba mahauta shanu bashi. Shi ne kuma ke aika wa abokan hulɗarsa na Arewa halin da kasuwa ke ciki, ta wasiƙa ko ta bakin matafiya. Labarin na ɗaukar kwanaki, amma akwai mai shi. Maigidan da ya yaudari baƙonsa sau ɗaya, baƙin sai su koma wani gida.

Zuwan wayar salula a 2001 ya kawar da jiran. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta nazarci kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa shigowar waya ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kasuwannin da ke nesa da juna. A yau ɗan kasuwar Bodija kan buga wa wakilinsa a Dawanau da safe, ya saurari saƙon murya a WhatsApp, ya ga bidiyon buhunan kafin a yi lodi.

Wane farashi ake nufi?

Saurin isowar lamba bai tabbatar da cewa lambar daidai take ba. A cinikin Bahaushe farashi uku ne. Akwai sunan da mai kaya ya sa, akwai tayin mai saye, sannan akwai kuɗin da aka sallama a kai. Na ƙarshen ne kaɗai farashi na gaskiya, kuma shi ne mafi wuyar samu, domin sau da yawa tsakanin mutum biyu da dillali ake ƙulla shi. Abin da ke yawo a wayoyi galibi sunan farko ne, wanda mai yiwuwa an taya aka ce albarka, ko ma ba a taya ba. Mai aiko da labarin ma yana iya zama mai kaya a ƙasa, wanda hauhawar farashi za ta yi wa daɗi.

Sai batun ma'auni. Kano na awo da kwano, Ibadan na awo da kongo, kuma ba ɗaya suke ba. Buhun da ake kira na kilo 100 ba kasafai ake ɗora shi a sikeli ba, wani ya cika ya tumbatsa, wani ya gaza. Sabuwar masara mai danshi ta fi tsohuwa nauyi, amma tana raguwa idan ta bushe. Jan waken da Yarabawa ke kira oloyin farashinsa daban da na farin wake, kuma wanda ƙwari suka fara hudawa daban da tsabtatacce. Idan aka ce buhun wake kaza ne, ba a faɗi iri da nauyi da shekarar girbi ba, rabin magana aka yi.

Akwai kuma kasuwannin da mako-mako suke ci. Maigatari ranar Alhamis take ci, Wudil ranar Juma'a. Wanda ya tambayi farashin sa a Maigatari ranar Litinin, na makon jiya za a gaya masa, ko da amsar ta iso cikin daƙiƙa.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne hanya. Daga Kano zuwa Ibadan ya haura kilomita 800, ta Kaduna da Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomoso, kuma tirela kan kwashe kwanaki. Farashin da falke ya ji ranar lodi ba shi zai tarar ranar sauke kaya ba. Idan kowa ya ji cewa albasa ta yi tsada a Ibadan, kowa zai yi lodi, motoci su iso tare, farashi ya karye. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ya fi damuwa da sanin yawan motocin da suka tashi da waɗanda suka ƙetare gadar Jebba fiye da sanin farashin yau.

Alƙaluman hukumomi

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da rahoton farashin abinci kowane wata. Ma'auninsa a bayyane yake, amma matsakaicin farashin jiha ne, kuma sai watan ya wuce da makonni yake fitowa. Cibiyar FEWS NET mai hasashen yunwa, wadda gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta daɗe tana bin farashin Bodija tare da na Dawanau da Mile 12 ta Legas. Kamfanin AFEX na wallafa farashin masara da waken suya da shinkafa shanshera, bisa kayan da aka auna aka tantance a rumbunansa. Waɗannan sun fi amfani wajen gane alƙiblar kasuwa da kama dillalin da ya yi ƙari. Ba da su ake yanke cinikin safiya ba.

Lokacin da hanya ta yanke

Kowace majiya na iya yin shiru. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Dandume da Funtuwa, waɗanda cibiyoyin hatsi ne. A cikin watan ne kuma shafin abokiFX ya daina wallafa farashin dala na kasuwar bayan fage, bayan Babban Bankin Najeriya ya zarge shi da juya farashi. Wannan ya shafi Sabo kai tsaye, tunda ita ce matattarar 'yan canji a Ibadan. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta yi ta cijewa. Shafin FEWS NET kansa ya rufe na wasu watanni daga Janairun 2025, sa'ad da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje.

Wani lokaci kuma waya na aiki, kayan ne ba sa motsi. Bayan rikicin Kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, aka tsare motoci a Jebba. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabi a Ibadan da Legas, suna ruɓewa a Arewa. Kowa a ɓangarorin biyu ya san farashin ɗaya ɓangaren, amma ba wanda ya iya cin moriyar tazarar sai da aka janye yajin a farkon Maris.