Kwangilar Gwamnati da Haƙƙin Lebura: Daga Ina Aka Faro?

Duk ajin makaranta ko kwalbatin da gwamnati ta bayar a gina a ƙasar Zuru, mutum biyu ne a kansa. Akwai ɗan kwangila, wanda sunan kamfaninsa ke rubuce a allon bakin aiki. Akwai kuma lebura, mai ɗaukar kwanon kankare a ka tun hantsi har la'asar sakaliya, a damƙa masa kuɗin yini a hannu, ba takarda ba shaida. Dokokinmu sun san na farko ciki da waje. Na biyun kuwa, da ƙyar suke waiwayarsa.

Ba sabuwar magana ba ce. Tun 1891 majalisar dokokin Ingila ta yanke cewa duk wanda ya karɓi aikin gwamnati sai ya biya ma'aikatansa ladan da aka saba biya a wannan sana'a. A 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta mayar da wannan ƙa'ida ta zama yarjejeniya mai lamba 94, Najeriya kuma ta amince da ita a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Daga nan aka ajiye ta a aljihun tebur, kwangila ta zama ganimar na kusa da masu mulki.

Da farar hula suka dawo a 1999, abin da ya dami gwamnatin Obasanjo shi ne yoyon baitulmali. Aka gayyaci Bankin Duniya ya binciki yadda ake ba da kwangila, aka buɗe ofishin bin ƙa'ida wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta, har Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayayyar gwamnati a watan Yunin 2007. Dokar ta yi amfani: a tallata aiki, a yi gasa, a buɗe takardu a bainar jama'a. Amma duba majalisar da ta tanada don sa ido. An ware kujeru ga lauyoyi, injiniyoyi, 'yan kasuwa, ƙwararrun sayayya, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula. Ƙungiyar ƙwadago ba ta sami ko ɗaya ba. A ganina, nan gizo ke saƙar: an tsare kuɗin, an manta da mai gumin.

An ɗan yi gyara daga baya. Yanzu kamfanin da ke neman aikin tarayya, ko da a Jami'ar Aikin Gona ta Zuru ne, sai ya nuna shaidar zuba fansho da ta asusun diyyar rauni da dokar 2010 ta kafa. A 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ba da umarnin fifita kayan gida a sayayyar gwamnati. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hawa kan mai ma'aikata ƙasa da 25, balle ɗan aikin yini.

Yankin Wales na Birtaniya ya toshe wannan ɓaraka a 2023, da doka guda wadda ta zaunar da gwamnati, masu ba da aiki da ƙungiyoyin ma'aikata a majalisa ɗaya, ta kuma wajabta wa hukumomi su auna jin daɗin jama'a kafin su sayi kaya ko aiki.

Jihar Kebbi, inda Zuru take, na da damar da wasu jihohi ba su da ita. Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya san zafin teburin sulhu, kuma a 2024 ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Wannan kuɗi ya tsaya ga masu albashin wata. Don haka muke kira ga 'yan majalisar jiha, musamman wakilan masarautar Zuru, su kawo ƙudurin da zai sa a rubuta ladan lebura, kayan kariya da diyyar rauni a cikin kowace takardar kwangila, a kuma ba ma'aikata kujera a inda ake tantance ta.