Blinatumomab

Blinatumomab magani ne na sankarar jini, wanda ake sayarwa da sunan Blincyto. Ana ba da shi ga yara da manya masu fama da nau'in cutar mai saurin yaɗuwa da ke kama fararen ƙwayoyin jini na rukunin B, musamman idan ta dawo bayan jinya ko ta ƙi jin magani.

An haɗa shi ne daga gutsattsari biyu na antibodi, wato sinadarin da garkuwar jiki ke samarwa don gane abokan gaba. Gutsure ɗaya yana manne wa alamar CD19 da ke jikin ƙwayar cutar, ɗayan kuma ya kama alamar CD3 ta ƙwayar garkuwa ta rukunin T. Da zarar ya haɗa su wuri guda, sai ƙwayar T ta huda ƙwayar sankarar ta kashe ta.

Kamfanin Micromet mai cibiyar bincike a birnin Munich na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, kafin Amgen na Amurka ya sayi kamfanin a 2012. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Disamba na 2014, Tarayyar Turai kuma a 2015.

Maganin ba ya daɗewa a cikin jini, shi ya sa ake ba da shi ta jijiya dare da rana har kwana 28, sannan a huta mako 2. Illolinsa sun haɗa da zazzaɓi mai zafi, faɗuwar bugun jini, ruɗewa da farfaɗiya.