Ƙorafin Iyaye Kan Makin 'Ya'yansu da Yadda Malamai Ke Tunkararsa

A duk ranar da aka raba katin sakamako, da wuya a rasa mahaifin da zai nufi ofishin shugaban makaranta yana neman ba'asi. Wannan haƙƙinsa ne. Wanda ke ci wa malamai tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya mayar da abin al'ada, kowane zango sai ya zo da zargin an tauye ɗansa.

Galibin rigimar na tasowa ne daga rashin sanin yadda ake haɗa maki. Tun bayan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, makarantun Nijeriya ba sa dogara da jarrabawar ƙarshen zango kaɗai. Akan ware maki 30 ko 40 cikin 100 ga gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, abin da aka fi sani da CA, ragowar 70 ko 60 kuma su zo daga babbar jarrabawa. Yaron da ya tsallake gwaji ɗaya, ko ya ƙi miƙa aikin gida, zai iya yin ƙoƙari a jarrabawa amma jimillarsa ta faɗi, shi kuwa mahaifi jimillar kawai yake gani. Sai kuma batun “na nawa ya zo”. Tazarar maki biyu ko uku na iya sauko da yaro daga na uku zuwa na bakwai, abin da ya sa wasu makarantu suka daina rubuta matsayin ɗalibi a kati.

Abin da gogaggen malami ke fara yi shi ne sake lissafi, domin ba kullum ne mahaifi ke kan kuskure ba. Mai duba ɗaruruwan takardu cikin 'yan kwanaki yana iya yin tuntuɓe wajen tarawa, ko wajen kwafe maki zuwa kati. In an samu kuskure, a gyara, a ba da haƙuri. In ba a samu ba, sai a shimfiɗa wa mahaifin takardar amsar ɗansa da jagorar ba da maki da littafin da ake shigar da makin CA, a bi tambaya bayan tambaya. Gani ya kori ji.

Wurin zaman ma yana da muhimmanci. Malamai kan guji yin maganar a bakin ƙofar makaranta ko a zauren WhatsApp na iyaye. Sukan kai ta ofis, a gaban mataimakin shugaba ko jami'in jarrabawa. Ba a nuna takardar ɗan wani don kwatance. Idan mahaifi ya dage, akan ba wani malamin darasin takardar ya sake dubawa, hukuncinsa ya zama na ƙarshe. Wasu kuma tun tsakiyar zango suke aika takardun gwaji gida a sa hannu.

A makarantun kuɗi lamarin ya fi tsauri, domin a can mahaifi abokin ciniki ne. Mai makaranta yana tsoron a cire yaro, malami yana tsoron rasa aikinsa, sai a raɗa masa ya “taimaka” da 'yan maki. Wannan laifi ne a ƙa'idojin Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993. Yaron ne kuma ke biyan bashin. Takardun WAEC da NECO malaman da ba su san shi ba ne ke duba su, kuma shiga jami'a na buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci. Ɗalibin da ya saba da makin alfarma sai a ajin ƙarshe na sakandare yake sanin ainihin matsayinsa, lokacin da gyara ya yi wuya.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a kati. Malamin da aka gajiyar da ƙorafi yakan daina matsa wa yaron, ya bar shi da kura-kuransa don gudun fitina. Wani yaron kuma, saboda tsoron bulala, shi ne ke goge maki ko ya ce malami ya tsane shi. Shi ya sa wasu malaman kan keɓe ɗalibin kafin zuwan mahaifinsa, su tambaye shi abin da ke faruwa a gida ranar da ya kai sakamako.