Ragar da ke ƙarƙashin shafi: daga maɗaba'ar Suwizalan zuwa fuskar waya

Mai tsara shafukan intanet don sha'awa yakan kai wani mataki da abin ke tsaya masa. Launi ya yi, hotuna sun yi, amma shafin ya ƙi zama daidai a ido, kuma ya rasa dalili. Sau da yawa matsalar tana cikin abin da ba a gani: layukan ɓoye da ke raba shafi ginshiƙi-ginshiƙi, su nuna wa kowane rubutu da hoto mazauninsa. Masu wannan fage suna kiransu raga, kuma ragar ta girmi intanet da shekaru masu yawa.

A 1928 Jan Tschichold, Bajamushe ɗan mai rubuta allunan talla, ya wallafa littafi a kan sabon tsarin buga rubutu, inda ya yi watsi da ƙawa da jera komai a tsakiyar takarda. A ganinsa, aikin shafi shi ne ya isar da saƙo a sarari. 'Yan Nazi suka tsare shi a 1933, ya tsere zuwa Suwizalan. A can wannan tunani ya yi saiwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun masu zane na Zurich da Basel. Josef Müller-Brockmann, wanda ya yi suna da fastocin bukukuwan kiɗa, shi ya tattara ƙa'idojin raga cikin littafinsa na 1981. Wani abin lura shi ne Tschichold kansa ya juya wa tsaurin ra'ayinsa na farko baya, ya koma tsarin gargajiya, har ya yi wa kamfanin Penguin aiki a Ingila daga 1947 zuwa 1949. Da almajiransa na yau sun tuna da haka, da sun rage ɗaukar raga tamkar doka.

Shafin intanet na farko shi ma a can ƙasashen aka haife shi, a cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva, sai dai bai gaji komai daga maƙwabtansa ba. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro HTML ne domin masana su yi musayar takardu, don haka rubutu kawai yake gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Masu zane suka shiga dabara: suka ɗauki jadawalin da aka tanada don lissafi, suka ɓoye layukansa, suka mai da shi raga, suna tura rubutu gefe da ɗan hoton da ido ba ya gani. David Siegel ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na 1996, shekara guda bayan haka kuma ya rubuta maƙala yana cewa shi ya ɓata intanet.

Maganin ya riga ya iso, wato CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994 domin raba abin da shafi ya ƙunsa da kamanninsa. Amma mutane ba su gamsu ba sai da Dave Shea ya buɗe CSS Zen Garden a 2003: rubutu ɗaya tak, kowa ya zo ya yi masa tasa sutura ba tare da taɓa kalma ko ɗaya ba. A ganina, har yau babu atisayen da ya fi wannan amfani ga ɗan koyo, domin yana hana shi fakewa da sabon hoto duk sa'ad da tsari ya gagare shi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ragar Nathan Smith mai faɗin fiksel 960 ta samu karɓuwa saboda lambar tana rabuwa cif-cif gida 12 ko 16. Wayar hannu ta zo ta rushe wannan lissafi, sai Ethan Marcotte ya kawo shawara a 2010 cewa raga ta riƙa miƙewa tana takurewa gwargwadon allo. Bootstrap ya fito daga Twitter a 2011 ya sauƙaƙa aikin, ya kuma sa dubban shafuka suka zama kamar an tsaga kara. Sai a 2017 manyan burauzoci suka karɓi CSS Grid, raga ta gaskiya, bayan fiye da shekaru 25 ana kame-kame.

Akwai wata matsala da ta shafi mai tsara shafin Hausa kai tsaye, wadda raga ba ta magancewa. Nau'o'in haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Idan burauza ta nema ta rasa, sai ta aro su daga wani nau'in, a ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. Nau'in Noto na Google yana ɗauke da su duka. Kafin a zaɓi haruffa, yana da kyau a rubuta "ƙarɓaɓɓe" ko "ɗaɗɗaya" da su, ƙanana da manya, a duba a kan ƙaramar waya.