Takunkumi da Manhajar Kimiyya a Jami'o'in Khartum da Omdurman, 1997–2017

A ranar 3 ga Nuwamba, 1997, Shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta hana cinikayya da Sudan. An ce gwamnatin Umar al-Bashir aka nufa, amma cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarta har da malamai da ɗalibai na Jami'ar Khartum da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman, da kuma 'yan Nijeriya masu karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Dalili kuwa shi ne, a idon dokar, sauke manhaja daga intanet daidai yake da fitar da kaya zuwa Sudan.

Ga yadda matsalar take. Manhaja irin MATLAB, wadda injiniyoyi ke lissafi da ita, ba ta aiki sai da lasisi. Ko mutum ya sami faifanta ya ɗora a kwamfuta, sai an tabbatar da lasisin daga kamfanin, kamfanin kuwa na Amurka ne. Shafukan saukewa sukan duba adireshin intanet na mai nema, in suka ga na Sudan ne su rufe ƙofa. Wanda bai san dawan garin ba yakan zaci kwamfutarsa ce ta lalace, ya goge ya sake ɗorawa, alhali ciwon ba a nan yake ba. Wasu suka koma ga faifan bogi, wanda sau da yawa yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Wasu suka riƙa ɓoye adireshinsu ta hanyar VPN.

Abin mamaki, a 2007 Google Earth ta nuna wa duniya ƙauyukan Darfur da aka ƙona, amma ba a iya sauke ta daga cikin Sudan.

Manhajojin kyauta irin Linux da R da Octave sun zama mafita, sai dai su ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin a Janairun 2010 rumbun SourceForge ya toshe Sudan, kafin ya sassauta bayan 'yan makonni.

A Fabrairun 2015 Amurka ta halatta manhajojin sadarwa, ta kuma ɗage takunkumin cinikayyar a Oktoban 2017. Duk da haka kamfanoni da dama sun yi nawa wajen buɗe shafukansu, ganin sunan Sudan bai fita daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci ba sai a Disamban 2020.